Takabar Da Na Yi Ruwa Na Cin Gindin Katanga

Assalamu alaikum Edita, da 'yan'uwana masu bibiyar wannan shafi. Da hannuna na rubuta wannan, ban sa kowa ya rubuta mini ba, don haka in kun ga magana ta zo a karkace ku gyara, da girmana na koyi riƙe biro. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin wasu cikin mutanen sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuma har gobe muna haɗuwa a biki da makoki. Lokacin da abin nan ya same ni ina da shekara talatin da 'yan kai, ina aure a wani tsohon gidan ƙasa a Kusfa, cikin birnin Zariya. Har zuwa lokacin ban taɓa shiga aji ba, karatun allo ma iyakar abin da zan yi salla da shi na samu aka cire ni. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki. Ba na iya ganin abu in yi shiru, duk lungunmu an san ni da haka, har mai gidana, Allah ya jiƙansa, yakan ce shi ba ya bukatar sayen rediyo. Ɗinkin hannu yake yi, irin na manyan riguna, yana wuni a bakin ƙofa da allura da zare. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, yarinya ce da ba ta kai sha biyu ba a lokacin.

Gidan na gado ne, sassa-sassa. Wan mijina, wanda duk muke ce wa Malam, shi ne babba, sashensa na gaba, kuma a zauren gidan yake ba magidanta karatun littattafai safe da yamma. Mu namu sashen shi ne na can ƙurya, bayan ɗakina yana kallon wani babban kududdufi. Wanda bai sani ba zai ɗauka kududdufi rami ne kawai na ƙazanta da sauro, ni ma da nake kwana a bakinsa haka na ɗauka. Ashe daga nan kakanni suka haƙi ƙasar da suka gina unguwar, kuma duk ruwan da ya zubo daga indararon kowane soro, ya bi rariyar kowane gida, ya gangara lungu, a nan yake samun masauki. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka mai gidana zai ajiye allura, ya ɗebo ƙasa a gefen ramin nan, ya kwaɓa da ruwan da ya rage a ciki, ya yi wa katangarmu da rufin soro yaɓe. Nakan yi masa tsiya cewa hannun da ke yi wa rigar alhazai ado ga shi tsamo-tsamo cikin taɓo, shi kuma ya ce mini katangar ƙasa irin halina gare ta, in an yi shekara ba a lallashe ta ba sai ta yi fushi.

To sai shekaru suka fara zuwa ba yadda muka saba ba. Zafi ya riƙa daɗewa, damina ta riƙa makara, in ta zo kuma ba ta zuwa da hankali, ruwan da a da yake sauka a sati sai ya juye a wuni guda, sannan a ɗauke kamar an yi faɗa. Famfo dama mun daɗe da yin sallama da shi, in ka buɗe sai dai ya yi maka tari. Rijiyar gidanmu, wadda tsofaffi ke rantsuwa ba a taɓa ganin ƙasanta ba, ta fara ba mu laka a guga. Kududdufin nan ya ƙafe shekara ɗaya, ya sake ƙafewa a ta biyu, har ƙasansa ya daddare yara na buga ƙwallo a ciki. Mutane suka ce ai ya mutu. Aka fara zuba masa bola, daga bola aka koma birji, kafin ka ce me sai ga gidajen bulo sun tashi a kansa reras da rufin kwano. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi murna, na ce mun huta da kukan kwaɗi, kuma sharar ɗakina ma can na riƙa aikawa. A ranin ƙarshe mai gidana bai samu ƙasar yaɓe ba, bai samu ruwan kwaɓa ta ba, ruwan da muke saye a jarka kuwa ko sha da girki da ƙyar yake kai mu. Ya ce bari ruwan farko ya sauka sai ya yi dabara. Bai ga ruwan farkon ba. Cikin tsananin zafin bazara zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da aka kai shi aka zaunar da ni takaba, wata huɗu da kwana goma. Ƙanwar mahaifin mijina, wadda muke ce wa Gwaggo, ta naɗo tabarmarta ta dawo ɗakina don ta taya ni zama, kuma ita ce ta karanta mini dokoki. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, wannan duk na sani. Amma ta ƙara da cewa ba na ɗaga murya, ba na amsa wa namiji magana ko da daga bayan labule ne sai ta bakinta, ba na taka ƙasa ba takalmi, ta kuma ba ni wata 'yar wuƙa ta ce in riƙa riƙewa duk inda na motsa. Babbar doka kuwa, a ɗakin da mijina ya bar ni a nan zan kwana kowane dare har in fita. Ta ce in na kwana ko da dare ɗaya a wani wuri takaba ta karye, sai a sake sabon lissafi, shi kuma mamacin ba zai samu natsuwa a kabarinsa ba. Gwaggo ba muguwa ba ce, ina so a fahimci wannan. Ita ta yi mini wankan jego, ita ke rufa mini asiri in na yi faɗa. Haka ta yi tata takabar, haka uwarta ta yi, iyakar abin da ta sani ke nan.

Ana cikin zaman makoki na jiyo faccalolina a tsakar gida suna ƙus-ƙus. Ɗaya ta ce wannan mai bakin ko sati ba za ta yi ba za a jiyo ta daga bakin titi, ɗayar ta ce sai dai a ɗauko allurar marigayi a ɗinke bakin tukuna. Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wasa ne irin na matan gida ɗaya, na sha yi musu wanda ya fi shi, amma a ranar ya shige ni har ƙashi. Na ƙudurta a raina sai na yi takabar da ba a taɓa yin irinta ba a gidan nan, sai an riƙa ba da misali da ni.

Watannin farko ƙishi ne ya tsare mu. Kurar 'yan ga-ruwa ba ta shiga lungunmu saboda ƙunci, sai dai a tare su a bakin hanya, ni kuwa ba halin fita. 'Yata ce ke ɗaukar jarka ta tafi burtsatsen wani gida wajen Limancin Kona ta bi layi, ta dawo wuyanta ya sage. Ina zaune a ƙofar ɗaki da wuƙa a hannu ina kallon yarinyata tana ramewa, ga ƙarfina ga lafiyata. Ina jiyo mutane suna wucewa za su roƙon ruwa, su dawo rana na ci kamar wuta. Ran da ruwan farko ya sauka duk gidan aka fito da robobi da tukwane ana tara a bakin indararo, yara na tsalle, ni ma na yi kuka a ɓoye, don na tuna wanda ya ce zai yi yaɓe in an yi ruwan farko. Ba wanda ya yi yaɓen. Na sa Gwaggo ta tuna wa mazan gidan, aka ce mata ba a raba gado ba tukuna, sai na fita takaba, kuma ba wanda yake so ya sa hannu a sashen marigayi a ce yana yi wa kansa shimfiɗa.

Da marka ta kama sai ruwan ya zo neman gidansa na da, ya tarar an gina masa bulo a kai. Bai da inda za shi. Rariyar da muka saba tana fitar da ruwa daga tsakar gida sai ta koma tana shigo da shi, da ledoji da duk ƙazantar lungu. A bayan ɗakina, tsakanin katangarmu da sababbin gidajen nan, ruwa ya kwanta ya ƙi tafiya. Rijiyar da ta hana mu ruwa duk rani ta cika har baki, amma ruwan ya haɗu da na salga, ko alwala ba a yi da shi. Muna tafiya cikin ruwa har idon sawu, muna kuma aika yarinya neman na sha. Daga cikin ɗaki ina ganin danshi yana hawa bango, yau ya kai gwiwa, jibi ya kai ƙugu, farar ƙasar da na shafe bangon da ita tana kumbura tana zubowa. Sai tsaga ta fito daga kusurwa, siririya kamar zare, ta riƙa buɗewa har nakan sa yatsa a ciki. In an yi shiru kana jin ƙasa na ɓantarowa daga baya tana faɗawa ruwa, tsulum, tsulum, kamar wani na jifa.

Mazan gidan suka zo suka tokare bangon da azara biyu, suka ce a marka ba a yaɓe, sai an ɗauke ruwa. Babbar faccalata, matar Malam, wadda ta yi maganar allura, ita ce ta zo har ƙofa ta ce in ba ta yarinyar ta riƙa kwana a wurinta, ni ma in taho ko a falonta ne mu matsu. Na ba ta yarinyar. Ni kuwa Gwaggo ta ce ɗakin miji shi ne ɗakin miji, ita ma a nan za ta kwana tare da ni, in mutuwa ce ta ɗauke mu tare. To yarinyar takan kwana can, amma gari na wayewa tana manne da ni, tun da ubanta ya rasu ba ta yarda ta yi nisa da ni. Na ce wa Gwaggo don Allah ta je ta tambayo mini Malam, shin addini bai yi wa mai takaba rangwame ba in ɗaki zai faɗo mata. Ina jiyo muryarsa kullum daga zaure yana fassara wa ɗalibai karatu, tsakanina da shi bai fi a yi kira a amsa ba, amma an ce muryata ba ta zuwa kunnen namiji. Gwaggo ta tafi, ta jima, ta dawo ta ce Malam ya ce a yi haƙuri, saura kaɗan.

Ana haka yayana da ke aikin gwamnati yake zaune a Tukur-Tukur ya zo, ya naɗe wando har gwiwa, takalmi a hannu. Da ya leƙa ya ga tsagar nan ko zama bai yi ba, ya ce in haɗa kayana yanzu-yanzu, akwai ɗaki a gidansa. Gwaggo ta tare ƙofa ta ce sai bayan ranta, wai shi ɗan boko me ya sani game da takaba. Ya ce mata Gwaggo, shi bai san hukuncin takaba ba, amma ya san bango in zai faɗi, wannan kuwa ya gama sallama. Shi muharramina ne, ina iya yi masa magana, kuma da na ce to, da ko Gwaggo ba ta isa ta hana ba. A nan ne bakina ya ci ni. Na hango faccalolina sun tsaya a bakin madafi suna kallo, na tuna dariyar nan. Na ce masa Yaya ya koma gidansa, ni ba zan karya takabar mijina saboda tsoron laka ba, waɗanda suke jira su ga na kasa za su daɗe suna jira. Ya roƙe ni, ya yi faɗa, ya ce tun ina yarinya taurin kaina ya fi na jaki, ya ce to ko yarinyar in ba shi. Yarinya ta ƙanƙame zanena tana kuka ta ce ba inda za ta ba Ummanta. Na ce ya gani, a bar mini 'yata. Ya saka takalminsa cikin ruwan ya fita bai waiwayo ba.

Mutane suna zaton bango cikin ruwa yake faɗuwa. Namu rana ce ta kayar da shi. Bayan an kwana biyu ana tsugawa sai gari ya waye tas, rana ta fito da zafi, duk gidan aka hau shanya. Da hantsi ina tsakar gida ina baza tabarmi a kan igiya, sai na tuna akwai wata riga da marigayi ya fara yi wa aiki bai gama ba, tana cikin kwando a ƙuryar ɗaki, na ji tsoron kada ta yi fumfuna. Hannuna da tabarma jiƙaƙƙiya, sai na ce wa yarinyar ta shiga ta ɗauko mini kwandon Abbanta. Ni na aike ta. Ta shiga tana waƙa. Ban ji wata babbar ƙara ba, wani irin nishi na ji, kamar saniya ta kwanta, sai na ga rufin sorona ya durƙusa, hasken rana ya bayyana a inda bango yake.

Ihun da na yi, an ce har bakin titi an ji shi, kamar yadda faccalata ta faɗa. Ban san inda wuƙar ta faɗi ba, ban san inda takalmina suka yi ba. Da hannu na riƙa tonon jiƙaƙƙiyar ƙasar nan har farcena ya ɓalle, ɗaliban zaure suka ruga ciki, ni ce nake ba su umarni da babbar murya, ɗaga nan, ja can, ku bar kallona ku ɗaga icen. Allah ya sa kanta da ƙirjinta suna ƙarƙashin gadon ƙarfe, amma azarar rufi ta danne mata ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Kwandon na rungume a hannunta. Ban jira kowa ba, na goya ta kamar jaririya, na ratsa ta cikin zauren da na yi wata da watanni ban taka ba, na bi lungu cikin ruwa ba takalmi, kaina da ɗan kallabi kawai, har na samu mai keke napep a bakin hanya. Duk tsawon tafiyar nan ina jiran in ji wani abu ya same ni saboda na fito, ba abin da ya faru. Mutane na ta harkarsu, masu shanya na shanya.

A asibiti aka ce ƙashin ya farfashe, sai an yi aiki, kuma dole in kwana da ita. Washegari Malam ya zo da Gwaggo da yayana. Tunda a ganina komai ya riga ya lalace, sai na dubi Malam ido cikin ido, karon farko tun rasuwar ƙaninsa, na ce masa to Malam, takaba ta karye, na kwana a waje, a je a faɗa wa matan gida su yi dariyarsu, a kuma sake mini sabon lissafi, amma a wane ɗakin, tunda haƙurin da ya ce in yi ya faɗo a kan 'yata. Sai ya yi sororo. Ya ce wane haƙuri, wa ya ce takaba ta karye. Ya ce ai a fili yake a littafi, macen da ta ji tsoron rushewar gida ko ambaliya tana da damar ta koma inda za ta tsira ta ƙarasa kwanakinta a can, ba abin da ya karye, ba abin da ya taɓa mamaci, kuma wannan babin shi da bakinsa ya sha karantar da shi a zauren nan. Wuƙa da takalmi da rufe baki kuwa ya ce bai san inda mata suka samo su ba. Na ce to me ya hana shi faɗa. Ya ce ba wanda ya tambaye shi, kuma ran da yayana ya fita a fusace ya gaya masa ni ce na ƙi tashi, shi kuwa ya ji nauyin ya aiko a ce matar ƙaninsa ta bar ɗaki alhali ba a raba gado ba, kada a ce yana korar marainiya da uwarta.

Duk muka juya muka kalli Gwaggo. Tsohuwar nan ta zame ta zauna a ƙasan asibiti ta rufe fuska da mayafi. Ta ce ta je zauren da niyyar tambaya, ta tarar da ɗalibai cike, sai ta ji kunyar a ji cewa mai takabar gidansu tana neman hanyar fita, kada a yi da ni a gari a ce ƙosawa na yi. Sai ta gaishe shi kawai, ta yi maganar bango, ya ce a yi haƙuri a ɗauke ruwa, ta kawo mini rabin maganar. Wai mutuncina take karewa. Ita na ƙyale ta, amma Malam bai tsira ba. Na ce masa ilimin da ke tsayawa a zaure ba ya iya taka tsakar gida, mu da ke dafa wa masu karatun abinci me ya amfana mana. Na ce shekara nawa ina jiyo muryarsa ta bango kamar kukan tsuntsu, ban san maganar rayuwata ake yi ba. Yayana yana ta taɓa ni in yi shiru. Malam carbinsa kawai yake ja, idonsa ya kaɗa. Ni kuma ina faɗa ina jin maganar tana dawo mini, domin ko ba littafi an zo har ƙofa an ce in tashi, ido biyu na ga tsagar, na zauna don kada a yi mini dariya.

A Tukur-Tukur na ƙarasa kwanakina. Sati biyun farko bayan na fita takaba na je na sa sunana a makarantar matan aure ta Islamiyya, daga baya na haɗa da ajin yaƙi da jahilci na yamma. An yi mini dariyar da nake gudu, har ta fi wadda nake gudu, ana cewa gyatuma da allo, wata ma ta ce ko minista nake so in zama. Wannan karon na bar su suka yi, ban fasa ba. Na sha wuya, harafi ya riƙa yi mini rawa a ido, yarinyar da na goya ita ke gyara mini karatu tana kwance da ƙafa a ɗaure. Ran da muka kai babin idda da takaba, malamarmu tana fassarawa, na bi layin da yatsana har na iso wurin. Layi biyu ne kacal. Na rufe littafin na fita waje, ban dawo ajin ba sai washegari.

Ƙafar ta warke amma ta gajarce. Yanzu 'yata ta zama budurwa, tana karatun aikin jinya, kuma ba ta taɓa buɗe baki ta ce Umma ke kika aike ni ba. Tsokanata ma take yi, wai ƙafarta ta fi masu hasashen yanayi na rediyo, in hadari zai haɗu tun safe take sanar da ita. Nakan yi dariya don ta ji daɗi. Gwaggo ta rasu bayan shekara biyu, na yafe mata tun tana da rai, ni na riƙa yi mata wanki a ciwonta na ƙarshe. Sashenmu ba a sake gina shi ba, an raba gado an ba mu kango, kuma kowace damina ruwa na kwana a ciki, kwaɗi na kuka. Ramin da muka cike ya dawo, sai dai yanzu a ɗakina yake. Rigar nan da ba a gama ba tana cikin akwatina da tabon laka a wuyanta.

'Yan'uwana mata, musamman na cikin birni masu kwana a ɗakin ƙasa, damina ta yanzu ba irin ta iyayenmu ba ce. Gidajen nan an gina su ne don ruwa mai zuwa a kan lokaci da ramin da zai karɓe shi, yanzu ruwan ya canza hali, ramukan kuma mun cike su da hannunmu. In kin ga danshi na hawa bango, in kin ga tsagar da yatsa ke shiga, ɗauki 'ya'yanki ki fita, ko takaba kike ko jego, a yi maganar daga baya kina da rai. Abin da aka ce miki addini ne, ki tambaya da bakinki, kada ki aika, domin ɗan aike na iya jin kunyar da za ta kashe ki. Ku kuma malamai, ku riƙa shiga cikin gida da karatun nan, kada ku jira sai an tambaye ku, akwai wadda aka hana ta tambaya. Masu cike kududdufi su sani ruwan bai mutu ba, zai dawo ya nemi ɗakin wani. Ni yanzu duk gidan da na ji ana takaba da damina sai na je, kuma kafin in yi wa mai takabar gaisuwa sai na zagaya na duba bayan ɗakinta, a ce mini mai shisshigi ban damu ba. Na taɓa yin shiru sau ɗaya a rayuwata don a yabe ni, kuma kullum da yamma ina jin sakamakonsa yana tahowa daga lungu tun kafin 'yata ta yi sallama, taku ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai ja.